Ina Zanen Ya Tafi? Sirrin Tagar Kwamfuta

A ce malamin kwamfuta ya ba ku aikin rubuta ƙaramar manhaja da za ta zana Ƙofar 'Yandaka da harshen Java. Kun danna maɓalli, ƙofa ta fito tsaf, har da ganuwa. Sai malam ya ja gefen tagar don ya faɗaɗa ta, ko ya sauke ta ƙasa ya sake ɗagowa, zane ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Ga maki na shirin tafiya, alhali lissafinku daidai yake.

Mu da ke karantar kimiyyar kwamfuta mun san wannan tarkon. Taga ba ta yi alkawarin riƙe abin da aka zana mata ba. Allo ce irin ta makarantar allo: ana wanke ta a kowane lokaci. Almajirin da ya haddace karatunsa ba ya damuwa da wankin allo, domin zai sake rubutawa da ka.

Haka ake so manhaja ta kasance. Duk lokacin da wani sashe na taga ya buƙaci sabuntawa, Windows kan aika wa manhajar saƙo mai suna WM_PAINT, ma'ana "sake zana nan". A Java, Swing ne ke kiran aikin paintComponent. Wanda ya karɓi alƙalami ta getGraphics ya yi zanensa a cikin maɓalli, sau ɗaya kawai zanen zai fito. Da saƙon ya iso, manhaja za ta shafe wurin da launin bango, ba ta kuma da abin mayarwa.

A zamanin Windows XP abin ya fi fitowa fili: idan manhaja ta maƙale, aka ja wata taga a kanta, sai a ga sawu jere kamar katin wasa. Windows Vista, da ta shiga kasuwa a 2007, ta fara ajiye hoton kowace taga daban, sawun ya ɓace. Amma canza girman taga har yau yana jawo sabon zane.

Ga ƙa'idoji uku da muke bi. Na farko, a adana bayanan zanen, wato wuri, tsawo, faɗi da launi, a cikin jeri. Na biyu, duk zane ya kasance cikin paintComponent, yana karantawa daga jerin. Na uku, idan bayani ya canza, a kira repaint, a bar Swing ya zaɓi lokacin zanawa. Kada a cusa lissafi mai nauyi a wurin zane, don ana iya kiransa sau da yawa a daƙiƙa ɗaya.

Kafin ku miƙa aikinku, ku jarraba shi: ku faɗaɗa tagar, ku matse ta, ku sauke ku ɗago. Idan ƙofar tana nan daram, manhajarku ta haddace karatunta.