Jan waya da baƙar waya: hattara da haɗa lasifika a gida

Kwanakin baya wani abokin aikina ya gayyace ni gidansa in ji sabbin lasifikun da ya saya. Ya sa mana waƙar Shata, sai na ji muryar ta sirance, kiɗan ya rasa kauri, kai ka ce daga cikin gwangwani yake fitowa. Har ya fara tsine wa ɗan kasuwar, alhali laifin na hannunsa ne: a lasifika ɗaya ya sa jan waya a gurbin baƙa.

Mu da muka karanci ilimin furuci mun san sauti motsin iska ne. Idan aka juya wayar lasifika ɗaya, tana tura iska gaba a daidai lokacin da 'yar'uwarta take janye ta baya, sai su riƙa kashe wa juna amo, musamman mai kauri. Gwajin ba wuya. Mai karatu ya cire wayoyin daga amfilifaya, ya taɓa su a kan batirin tocila mai bolt 1.5. Idan fuskar lasifikar ta bullo waje, wayar da ke kan hancin batirin ita ce ta jan gurbi.

Wannan kuskure kunne kawai yake ɓata wa. Wanda ke cin aljihu shi ne tara lasifiku a gurbi ɗaya. Kowace lasifika tana da adadin turjiyar da take yi wa lantarki, ana auna shi da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm da ya wallafa ƙa'idar a 1827. Yawancin na gida om 8 ne ko 6 ko 4. Idan aka cusa biyu masu om 8 gurbi guda, ja da ja, baƙi da baƙi, turjiyar ta koma 4. Idan huɗu ne ta koma 2. Amfilifayar da aka ƙera wa om 8 sai ta riƙa zuƙar wutar da ta fi ƙarfinta, ta yi zafi, ta kashe kanta in tana da kariya, in ba ta da ita ta ƙone. Adadin da za ta iya ɗauka a rubuce yake a bayanta, amma wa ke leƙawa?

Haka nan silin waya guda da ya kubce ya taɓa maƙwabcinsa ya isa ya yi wannan ɓarna, don haka a kashe wuta kafin a taɓa komai, a murɗe bakin wayar tsaf.

Abokin nawa dai mun juya masa wayar, kiɗan ya dawo da kaurinsa. Lasifika ta uku da ya so ya ja zuwa tsakar gida kuwa, na roƙe shi ya bar ta a kwalinta.