Biliyoyin Katanga da Gatarin Manomin Maraɗi

Duk wanda ya ɗauko zancen hana hamada cin ƙasa ba ya nisa sai ya ci karo da tambayar kuɗi: wa zai biya? Itace ba ya mayar da uwar kuɗi a shekarar da aka dasa shi, banki kuwa ba ya son dogon jira. Amfanin itacen ma a kan gari duka yake bazuwa, ba ya taruwa a aljihun mutum ɗaya balle a ce shi zai biya. A ƙasar Hausa an gwada hanyoyi biyu na ɗaukar wannan nauyi, kuma dukansu sun daɗe har ana iya ɗora su a ma'auni. Ta farko ita ce Babbar Katangar Itatuwa, mai dogaro da kuɗin gwamnatoci da manyan bankunan duniya. Ta biyu ita ce sassaben zamani na manoman Maraɗi da Damagaram, wanda jarinsa bai wuce gatari da haƙuri ba.

Tarayyar Afirka ce ta ƙaddamar da shirin Katangar a 2007, da nufin ta taso daga Senegal ta dire Jibuti, tafiyar kilomita 8,000 ta cikin ƙasashe 11. Burin shi ne farfaɗo da hekta miliyan 100 da samar da ayyukan yi miliyan 10 kafin 2030. A taron Paris na Janairun 2021 aka yi mata alkawarin fiye da dala biliyan 14. Najeriya ta kafa wa shirin hukuma ta musamman a 2015 domin jihohi 11 na Arewa. A Disambar 2017 kuma ta zama ƙasar Afirka ta farko da gwamnatinta ta sayar da takardun lamuni na ayyukan muhalli, na naira biliyan 10.69, aka ware wani kaso don dashen itatuwa. Bankin Duniya ya biyo baya a 2021 da rancen dala miliyan 700 na shirin ACReSAL.

Sassaben zamani bai samu irin wannan biki ba. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda dashensa a yankin Maraɗi ya yi ta mutuwa, ya lura cewa tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara tofon itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Maimakon a share su tas, sai manomi ya tsuguna gaban kututturen kalgo ko sabara, ya zaɓi tsirrai uku zuwa biyar mafi ƙarfi ya bari, ya sare sauran, ya datse rassan ƙasa. Tsohuwar saiwa ce ke shayar da su, don haka ba a neman ko bokitin ruwa. Masu bincike da suka duba hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya kudancin Nijar ya samu itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

A wurin yawan kuɗi, Katanga ta yi wa sassabe fintinkau. Sai dai alkawarin da aka yi a zauren taro daban, kuɗin da ya iso ƙauye daban. Kaso mai yawa rance ne da za a biya, sauran kuma sai ya bi ta ofisoshi da 'yan kwangila da masu ba da shawara kafin ya zama ramin dashe. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa hekta miliyan 4 kacal aka farfaɗo a zirin Katangar, wato kashi 4 cikin 100 na burin. Kuɗin waje yana kuma bin iskar siyasa: da sojoji suka karɓi mulki a Yamai a Yulin 2023, Tarayyar Turai ta dakatar da tallafinta, Bankin Duniya ya tsayar da sakin kuɗi, alhali ɗan itacen da ke cikin leda a gandun reno ruwa yake so kullum. Jarin manomi kuwa yana hannunsa, ba ya jiran sa hannun kowa. Amma shi ma yana da nasa rauni, domin ranar da rumbu ya ƙare gawon da aka rena shekara biyar zai iya komawa damin makamashi a kasuwa.

Inda hanyoyin biyu suka fi rabuwa shi ne wurin mallaka. Itacen gwamnati na kowa ne, wato babu mai shi. An dasa shi a layi, an zagaye da waya, an ɗauki mai gadi. Da kuɗin shirin sun ƙare, waya ta tafi, awaki su shiga. Itacen gona kuwa yana da uba. Gawo yana zubar da ganye da damina, bai hana gero rana ba, ya kuma ba ƙasa taki. Da rani 'ya'yansa su ciyar da tumaki, rassansa su hutar da mata doguwar tafiyar neman itace. Abin da ya faru a Maraɗi lokacin yunwar 1984 ya isa darasi. An raba abinci ga duk wanda ya bar itatuwa a gonarsa, aka tsare kusan itatuwa 500,000, amma da rabon ya tsaya aka sare mafi yawansu. Waɗanda suka bar nasu ne suka ga gonarsu ta canja, maƙwabta suka kwaikwaya ba tare da an ba su ko tiya ɗaya ba. Abin ya ƙara ƙarfi da malaman daji suka daina cin manomi tara a kan itacen gonarsa, har dokar gandun daji ta 2004 ta ƙarfafa masa haƙƙinsa. Wannan gyaran doka bai ci wani kuɗin kirki ba, amma a ganina ya fi gandun reno dubu amfani.

Duk da haka, zai zama rashin adalci a ce gatari ya wadatar. Sassabe yana aiki ne inda saiwa ta rage. A faƙon da ya ƙeƙashe, ko a tuddan rairayi na Yusufari a Yobe da na Gure a Nijar, babu kututturen da za a rena. A nan sai an haƙa ramukan rabin wata, an jera duwatsu, an kafe rairayi da shinge, kuma dole a biya mutanen da suka bar neman abincinsu suka zo wannan aiki. Shirin Keita a jihar Tawa, wanda Italiya ta fara ɗaukar nauyinsa a 1984, ya nuna cewa babban kuɗi yana iya dawo da ƙasar da aka fid da rai a kanta, idan ya zauna shekaru a wuri ɗaya ya yi aiki da mutanen wurin. Haka nan shata burtali tsakanin manomi da makiyayi, ko haƙa rijiya, ba abin da mutum ɗaya zai yi da guminsa ba ne.

Akwai kuma batun lissafi. Mai ba da kuɗi yana son abin da zai ƙirga, dashe kuwa yana da rasit da hoto da ranar biki, shi ya sa ake ƙidaya itatuwa ranar da aka sa su a rami, ba a komawa bayan rani uku a ga nawa suka rayu. Sassabe ba shi da rasit, sai ya zama da wuyar tallatawa ga banki. Amma ba abin da ya gagara ba ne: a Humbo ta ƙasar Habasha an farfaɗo da daji kimanin hekta 2,700 ta wannan hanya, kuma ƙungiyoyin ƙauyukan sun karɓi kuɗi ta asusun Bankin Duniya a kan iskar kabon da itatuwansu suka shanye.

Idan aka auna abin da kowace naira ko sefa ta haifar, manomin Maraɗi ne ya yi nasara, kuma da rata mai faɗi. Kuɗin Katanga suna da wurinsu, amma a bayan manomi ya kamata su tsaya, su yi abin da ya fi ƙarfinsa: faƙo, rairayi, ruwa, burtali, da rumbun tsimi da zai hana shi sare itacensa lokacin yunwa. Gwamnonin jihohin Najeriya 11 da Katangar ta ratsa su fara da tabbatar wa manomi a doka cewa itacen da ya rena nasa ne, sannan su daina biyan ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai itacen da ya dasa ya ga damina ta uku.