Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Tashi Kafin Ambaliya A Ƙasar Haɗeja

Ruwan da ke cin ƙasar Haɗeja ba duka ne ake zubar da shi a samanta ba. Mafi yawansa daga yamma yake gangarowa. Kogin Kano da Kogin Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, kuma a kansu aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Idan damina ta yi nisa, tsakanin Agusta da Satumba, madatsun suka cika suka tumbatsa, sai ruwan ya biyo ta Wudil da Ringim da Taura da Miga, ya iso Auyo da Haɗeja, ya wuce Kirikasamma da Guri. A nan ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, ga yashi ya cike kogi, ga ciyawar kacala ta toshe magudanai. Ruwan da ya rasa hanya sai ya faɗa gonaki da gidaje. Shi ya sa gari kan kwana sama garau, a wayi gari da ruwa a bakin ƙofa.

An ga haka a 2012 da 2018 da 2020. A 2022, shekarar da ambaliya ta halaka sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Sai dai nisan tafiyar ruwan nan rahama ce: yakan ɗauki kwanaki kafin ya iso. Waɗannan kwanakin su ne jarin magidanci.

Kunne a kan labari

Tun farkon shekara hukumar NiMet ke fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma ta bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Daga nan gargaɗi kan biyo ta hannun hukumomin agajin gaggawa na NEMA da SEMA zuwa hakimai da dagatai da masu unguwanni. Kowane gida ya mallaki ƙaramar rediyo mai batir, domin ranar da wuta ta ɗauke, waya ta mutu, ita ce za ta rage. Mai ɗan'uwa a Wudil ko Ringim ya riƙa bugawa yana tambayar inda ruwa ya kai. A kafa sanda a bakin kogi ko gindin jinga, a yi mata alama safe da yamma. Idan ruwa na hawa alhali ba a yi ruwan sama ba, na gaba yana tafe. A kuma guji yaɗa kowane saƙon WhatsApp da ke cewa madatsa ta fashe, sai an ji daga bakin hukuma.

Abin da za a ɗaure

Takardu ne farko: katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardun gona da na gida, shaidar haihuwa, sakamakon makaranta, katin rigakafin yara da katin awon mai juna biyu. A saka su a leda, a ƙulle, a sake sakawa a wata ledar, sannan a jefa cikin bokitin roba mai murfi. A ɗauki hotonsu da waya a tura wa amintaccen ɗan'uwa a wani gari.

Abinci ya zama wanda ba ya neman wuta, domin itace jiƙaƙƙe ne a lokacin: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, busasshen kifi, sukari da gishiri, aƙalla na kwana 3. Ruwan sha kuwa, a ƙiyasta lita 3 ga kowane mutum a yini, a cika jarkoki masu murfi tun rijiya ba ta gurɓata ba. Ambaliya na haɗe masai da rijiya, daga nan amai da gudawa ke shigowa. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Sai an tafasa ruwan ko an sa masa kulorin. In gudawa ta kama yaro kuma babu ƙullin ORS, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tsaftataccen ruwa, a riƙa ba shi ana neman ma'aikacin lafiya.

Sauran kayan: gidan sauro, tabarma, babbar leda ko tamfol, igiya, wuƙa, ashana a cikin kwalba, tocila da ƙarin batir, sabulu, audugar mata, da maganin mai hawan jini ko ciwon sukari na aƙalla mako 2. A riƙe tsabar kuɗi, ƙananan canji, domin mai POS ma ya yi ta kansa. Kayan su zama daidai abin da mutum zai ɗauka a ka ya kuma riƙe hannun yaro.

Hatsi da dabbobi ba a tafiya da su ranar gudu. Buhunan gero da dawa da shinkafa, musamman irin shuka, a kai ajiya gidan dangi a kan tudu tun ana shiga Agusta. Shanu da awaki su riga mutane tashi. Idan abin ya zo ba shiri, a kwance musu igiya, dabbar da ke ɗaure a turke ba ta da mafita.

Kada a rasa juna

A cika waya da caji, a tanadi fawa bank ko ƙaramar sola. Tsohuwar waya mai madannai ta fi amfani a nan, domin batirinta kan yi kwanaki. Idan sabis ya yi rauni, rubutaccen saƙo ya fi kira saurin wucewa. A rubuta lambobin mai unguwa da ma'aikacin asibiti da mai kwale-kwale da lambar gaggawa ta 112 a takarda, kada a dogara da ƙwaƙwalwar waya. Kowane ƙaramin yaro a sa masa takarda a leda cikin aljihu, ɗauke da sunansa da na mahaifinsa da garinsu da lambar waya. Almajirai ma haka, nauyinsu na wuyan malaminsu.

Maigida ya tara iyali ya faɗa musu ƙarara: in an rabu, a makaranta kaza za a haɗu. A zaɓi ɗan'uwa guda a wajen yankin, a Gumel ko Dutse ko Kano, wanda kowa zai kira ya ce ga inda nake. Unguwa kuma ta amince da alama ɗaya, lasifikar masallaci ko sanƙira, wadda da an ji ta an san lokacin tashi ya yi.

Ranar tashi

A tashi da rana, tun hanya ba ta yanke ba. Tsofaffi da marasa lafiya da masu juna biyu da yara su fara yin gaba. Ginin ƙasa da ya sha ruwa daga tushe ba ya sallama kafin ya rufta, kuma cikin dare ya fi ritsawa da mutane, don haka kada a ce bari a ƙara kwana ɗaya. A kashe wutar lantarki kafin fita. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana iya kayar da ƙato, ga kududdufai da rijiyoyi da suka ɓace a ƙarƙashinsa. A riƙe sanda ana taɓa ƙasa, a kula da macizai, su ma tudu suke nema. Kwale-kwale kuwa, in ya cika a jira na baya, kuma ban da tafiyar dare.

Samarin da ke kwana suna cika buhuna da yashi don ƙarfafa jingar Haɗeja sun cancanci yabo da taimakon kowa. Amma jinga ƙasa ce, tana iya ɓallewa, kuma tawakkali bai hana shiri ba. Kafin watan Agusta ya kama, kowane mai unguwa ya zauna da jama'arsa su rubuta abu uku: tudun da za a nufa, hanyar da za a bi, da sunan wanda zai ɗauki kowane tsoho da gajiyayye. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga sharrin ruwa.