Me ke sa tayar mota cinyewa ta gefe guda?

A duk ƙarshen damina, masu faci da kanikawa a garin Jahun na jihar Jigawa kan sha jin koke iri guda daga bakin direbobi: an sayi taya watanni kaɗan da suka wuce, amma gefe ɗaya ya suɗe har waya ta fara leƙowa, alhali ɗaya gefen zanensa na nan kamar sabo.

Galibi akan ɗora laifin a kan mai sayar da tayar, musamman idan ta gwanjo ce. Sai dai kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau da yawa matsalar tana jikin motar ne, ko lodin da ake yi mata, ko kuma hanyar da take bi. Direban da ya sauya taya bai gano musabbabin ba, zai sake sayen wata nan ba da jimawa ba, idan ma ba ta fashe masa yana tsakiyar gudu da fasinjoji ba.

Hanya da ruwa

Jahun tana kan hanyar da ta taso daga Gaya ta nufi Kafin Hausa da Haɗejia, akwai kuma hanyoyin da suka haɗa ta da Gujungu da Kiyawa da Dutse. Yanki ne na fadama da ke kwance a kwarin kogin Haɗejia, inda ruwa kan kwanta a gefen titi tsawon makonni. A shekarun 2020 da 2022 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a jihar, ta kuma yanke hanyoyi da gadoji a wurare da dama.

Idan ruwa ya shiga ƙarƙashin kwalta yakan sassauta ƙasar da ke riƙe da ita, manyan motoci kuma su ƙarasa aikin. Ramin da ruwa ya rufe ba a sanin zurfinsa sai an faɗa. Bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya lanƙwasa ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafa, ko ya gusar da ƙafar daga mazauninta, kuma direban ba zai ga komai da ido ba. Sai bayan makonni alamar take bayyana a jikin tayar.

Gefe biyu ko tsakiya

Masana harkar taya sun ce siffar cinyewar ita ke nuna inda matsalar take, don haka matakin farko shi ne a murɗa sitiyari har ƙarshe, a tsuguna a dubi faɗin tayar baki ɗaya, har gefen ciki da ba a cika gani ba.

Idan gefuna biyu ne suka cinye tsakiya kuma na da sauran zane, to iska ce ta yi kaɗan, ko kuma lodi ya fi ƙarfin iskar da ke ciki. Tayar takan baje, nauyin ya koma kafaɗunta, gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, har ya ɗauki zafi. Wannan shi ne nau'in da ya fi haɗari, domin zafin kan raba roba da wayoyin da ke cikinta.

Batun lodi ba ƙarami ba ne a yankin da ake jigilar shinkafa da riɗi da kifi zuwa kasuwanni. A jikin kowace taya akwai lambar da ke nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka. Tayar da aka rubuta mata 195/65 R15 91H, alal misali, lamba 91 na nufin kilo 615. Ke nan tayoyin baya biyu ba za su wuce kilo 1,230 ba, har da nauyin ita kanta motar. Idan aka loda buhuna shida masu kilo 100 a bayan ƙaramar mota, aka kuma cusa mutum huɗu a kujerar baya, an kai wannan iyaka ko an wuce ta.

Idan kuwa tsakiyar tayar ce ta suɗe gefuna suka rage, iska ce ta yi yawa. Wasu direbobin haya kan sa a cika taya tam saboda lodi, sannan su dawo da motar babu kaya da wannan iskar. Wasu masu facin kuma ƙwanƙwasa taya suke yi su saurari ƙararta maimakon su sa geji. Yawancin ƙananan motoci na buƙatar awon iska tsakanin 30 zuwa 35 a gejin da aka saba amfani da shi, kuma ainihin adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai. Lambar da ke jikin tayar iyaka ce da ba a so a wuce.

Lokacin awo ma yana da muhimmanci. Iskar taya na ƙaruwa da kusan awo 1 duk lokacin da zafi ya hau da digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin salshiyos. Tayar da aka auna da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, bayan doguwar tafiya, za ta nuna fiye da abin da ke cikinta da sanyin asuba. Shi ya sa ake son a auna da safe kafin a tashi, kuma kada a rage wa taya iska tana da zafi.

Gefe guda

Cinyewar gefe guda, ciki ko waje, ita ce aka fi kokawa a kanta, kuma tana nuna cewa saitin ƙafa ya ɓaci, wato abin da kanikawa ke kira alaimen.

Hanya biyu ƙafa ke karkacewa. Ta farko ita ce ta jingina, samanta ya kwanta ciki ko waje, nauyin motar ya taru a kafaɗa ɗaya. Irin wannan cinyewa takan zama sumul, zanen yana raguwa sannu a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Sifirin da lodi ya gajiyar yakan haddasa hakan, musamman a ƙafafun baya.

Ta biyu ita ce gaban ƙafafun ya tsuke ko ya buɗe, kamar mai tafiyar gwame. A nan tayar tana birgima ne tana kuma jan gefe. Karkatar rabin digiri kacal, wadda ido ba ya gani, na nufin ana gurza tayar a kaikaice kusan mita 9 a kowace kilomita. A tafiyar kilomita 100, kamar an ja ta ne a kwance a kan kwalta kusan mita 900.

Ana iya gane wannan da tafin hannu. A shafa faɗin tayar daga waje zuwa ciki, sannan a dawo. Idan ta yi santsi ta ɓangare ɗaya, ta ɗaya ɓangaren kuma tana kartar hannu kamar haƙoran zarto, to gaban ƙafafun ne ya kauce. Sau da yawa za a tarar sitiyari ma ba ya tsayawa daidai, ko motar tana ja gefe idan aka sassauta riƙo.

Direbobi kan lura cewa tayar dama ta gaba ta fi wahala. Tun shekarar 1972 ake tuƙi ta hannun dama a Najeriya, don haka ita ce ke bin bakin titi inda kwalta ta fi zaizayewa, ita ce kuma ke sauka ta hau duk lokacin da aka kauce wa babbar mota.

Tudu da kwari

Wata tayar kuma za a ga ta cinye tsalli-tsalli, tudu da kwari a kewayenta, tana kuma gunji idan ana gudu. Wannan alama ce ta cewa ƙafar tana tsalle, ba ta manne da ƙasa. Ko dai shokozoba ya mutu, ko kuma nauyin ƙafar bai daidaita ba, abin da ake gyarawa da balansin. A yankin fadama, busasshen taɓon da ya maƙale a cikin wili kaɗai ya isa ya sa sitiyari rawa, saboda haka yana da kyau a wanke shi kafin a kashe kuɗi.

Idan kuma wuri guda ne tak ya suɗe, kamar faɗin tafin hannu, to birki ne ya kama ƙafar ta ja a ƙasa.

Daga ina za a fara?

Kuskuren da aka fi yi shi ne garzayawa wurin alaimen kai tsaye. Ƙwararrun kanikawa kan bi abin daki-daki. Da farko a auna iska, domin ita ce mafi arha. Sannan a ɗaga motar da jak, a kama tayar ta dama da hagu a girgiza. Idan tana wasa, akwai yiwuwar tayarod ya saki. A sake kama ta sama da ƙasa. Wasa a nan na nuna boris ko mahaɗin ƙasan ƙafa. A duba robobin da ke rufe waɗannan mahaɗai, domin da zarar sun yage, ruwa da rairayi kan shiga su cinye ƙarfen.

Sai an sauya abin da ya lalace sannan saiti ke da amfani. Ƙafar da ke wasa, ko an saita ta da na'urar kwamfuta, ramin farko zai mayar da ita gidan jiya.

Akwai kuma cinyewar da ba cuta ba ce. Motocin da ke ja da ƙafar gaba, irin su Golf, sun fi cin tayoyin gaba. Maganin wannan shi ne a riƙa musanya na gaba da na baya bayan kowace kilomita 8,000 zuwa 10,000.

Tayoyin gwanjo

Tun bayan da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, Najeriya ta koma dogaro da na waje. Faɗuwar darajar naira daga 2023 ta ƙara tsadar sababbi, lamarin da ya tura direbobi da dama ga na gwanjo, duk da cewa suna cikin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su.

Tayar gwanjo kan zo da tabon motar da ta baro, kuma cinyewar da ta riga ta fara ba ta gyaruwa. Akwai kuma batun shekaru. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin cewa wa'adin taya shekara 4 ne, yayin da Michelin ke ba da shawarar a riƙa bincikarta duk shekara bayan ta kai 5, a kuma jefar da ita idan ta cika 10.

Ƙarancin iska ba matsalar ƙasashe masu tasowa kaɗai ba ce. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka bayan munanan haɗurran da suka shafi motoci ƙirar Ford Explorer, abin da ya sa daga 2007 aka wajabta sanya na'urar gargaɗin iska a sababbin motoci a ƙasar.

A cikin kwarin zanen kowace taya akwai wasu ƙananan tudu masu tsayin milimita 1.6. Idan zanen ya sauko daidai da su, ko da ta gefe guda ne, tayar ta gama aiki, domin ba za ta iya korar ruwa daga ƙarƙashinta ba. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta tsakanin Jahun da Haɗejia a watan Agusta, hakan na nufin ko an taka birki motar ba lalle ta tsaya inda ake so ba.