Kwamfutar mai bincike ba ta tsayawa gaban alƙali ita kaɗai

A shekarar 2005 'yan sandan Wichita da ke jihar Kansas ta Amurka suka kama Dennis Rader, wanda ya kashe mutum 10 tsakanin 1974 da 1991. Wani faifan kwamfuta da ya aika wa wata tashar talabijin ne ya tona masa asiri. Masu bincike sun tono wata takarda da aka goge a cikinsa, suka tarar da sunan cocinsa da kuma sunan "Dennis".

Yau da wuya a yi babban bincike ba a ƙwace waya ko kwamfuta ba. Sai dai ƙwararren jami'i ba ya kunna ta ya hau dube-dube, domin buɗe takarda ɗaya kawai na iya sauya lokacin da na'urar ta rubuta cewa an taɓa ta. Yakan haɗa ma'ajiyar bayanan da wata na'ura mai barin a karanta amma ba a rubuta komai ba, ya kwafe ta kaf, har da wuraren da aka goge. Daga nan manhaja ta fitar da wata doguwar lamba, tamkar zanen yatsa. Ko harafi ɗaya aka sauya, lambar za ta canza. A kan kwafin ake aiki, asalin kuma a rufe shi.

Wani lokaci aikin kan fi ƙarfin hukuma. Bayan harin San Bernardino na Disambar 2015, inda aka kashe mutum 14, FBI ta kasa buɗe iPhone ɗin ɗaya daga cikin maharan, Apple kuma ya ƙi taimakawa. A Maris ɗin 2016 ƙwararru daga waje ne suka buɗe mata.

A Najeriya, inda shari'o'in damfara na EFCC suka dogara sosai kan saƙonnin waya da bayanan banki, buɗe na'ura rabin aiki ne. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kafin kotu ta karɓi abin da kwamfuta ta fitar, sai an nuna cewa tana aiki daidai a lokacin, da yadda aka samar da bayanin. A nan ake gayyato masani ya yi bayani, lauyan wanda ake ƙara kuma ya yi masa tambayoyin ƙwaƙwaf: wa ya fara riƙe wayar, ina ta kwana, lambobin sun yi daidai?

Ba wasa ba ne. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta yi watsi da labaran da aka bugo daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan sashen ba.