Tsargiyar hanta da allurar ƙwayoyin asali: a ji wannan kafin a sayar da gona

A shirinmu na lafiya na wannan mako mun ɗauki tambayar da masu sauraro daga Bahri da Omdurman suka yi ta aiko mana: wai da gaske ne akwai allurar da ke sabunta hantar da bilharsiya ta lalata? Ana nufin allurar ƙwayoyin asali, waɗanda Larabawa ke kira alkhalaya aljiz'iyya. Amsar a taƙaice ita ce, har yanzu abin yana matakin gwaji. Ga bayanin.

Bilharsiya ita ce tsargiya a Hausance, kuma iri biyu ne suka fi yawa a Sudan. Ɗaya tana sa fitsarin jini, ɗayar kuma tana zama a jijiyoyin hanji, ita ce mai taɓa hanta. Ƙwan tsutsar yana fita da bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga dodon koɗi. Daga nan sai 'ya'yan su fito su huda fatar mai wanka, ko mai wanki, ko mai ban ruwa. Ka ga ba sai ka sha ruwan ba, tsayawa a ciki ma ta isa.

Mu Hausawan Sudan ba baƙon ciwo ba ne a gare mu. Tun da aka gama madatsar Sennar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, kakanninmu suke aikin auduga a bakin tur'a, daga Mai Wurno har Wad Madani. Kuma bayan yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, dubban mutanen Bahri sun gudu Jazira da Sennar, wasu sun yi watanni ba su da ruwa sai na tur'a. In kana cikinsu, maganar nan taka ce.

To, yaya take lalata hanta? Tsutsa mace tana zuba ɗaruruwan ƙwai a kullum, jini ya kwashi wasu ya kai hanta su maƙale. Jiki yana kewaye kowane ƙwai da tabo. Shekara da shekaru tabon yana taruwa a gefen jijiyoyi har ya matse hanyar jini. Sai saifa ta kumbura, jijiyoyin hanyar abinci su cika su yi tsuru-tsuru, abin da likitocinmu ke kira dawali. Ranar da ɗaya ta fashe, sai aman jini. Abin lura a nan shi ne, sau da yawa naman hantar yana nan yana aikinsa. Abin da ke kisa zubar jinin ne.

Su kuwa ƙwayoyin asali, ƙwayoyin jiki ne da ba su riga sun zama wani sashe ba, ana samun su a ɓargo da igiyar cibiya. An daɗe ana dashen ɓargo ga masu sankarar jini da wasu masu sikila, wannan tabbatacce ne. A kan tsargiyar hanta kuwa, masana a Cibiyar Bincike ta Theodor Bilharz da ke Giza a Masar, da wasu a Sin, sun gwada su a jikin ɓeraye, suka ga tabon ya ragu. Labari ne mai daɗi, amma fa ɓera ba mutum ba ne. Gwajin da aka yi wa mutane yawanci a kan wasu cututtukan hanta ne daban, kuma sakamakon bai zo ɗaya ba. Wani da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2018, bai nuna wani amfani ba. Sannan allurar ba ta kashe tsutsa. In tana raye, ƙwai za ta ci gaba da zubawa.

Saboda haka, ɗan'uwa, duk wanda ya turo maka talla a WhatsApp cewa ka kawo daloli a sabunta maka hanta, tambaye shi: gwaji ne mai rajista? Wace hukuma ta amince? In gwaji ne, me ya sa ni zan biya?

Abin da aka tabbatar yana aiki ya fi wannan araha nesa ba kusa ba. A nan Khartoum ne likita Christopherson ya fito da maganin bilharsiya na farko mai aiki, ya buga sakamakonsa a 1918. Yau muna da wanda ya fi shi sauƙi, wato praziquantel, ana ba da miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum. Binciken da aka yi da na'urar hoton ciki a ƙauyukan Jazira ya nuna tabon da bai tsufa ba yana iya raguwa bayan shan maganin, musamman ga yara. Wanda dawali ya riga ya kama kuwa, ana ɗaure jijiyoyin da minzar, a ba shi ƙwayar propranolol don rage matsin jini.

Ga abin yi. In ka shiga tur'a, kai da yara ku je a duba bayan gida da fitsari ko da ba ku jin komai. In cikinka ya yi nauyi ta hagu, nemi hoton ciki, a haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B da C, don haɗuwarsu da tsargiya tana ƙara ɓarna. Mai dawali ya guji asfirin da diclofenac. In ka ga aman jini ko bayan gida baƙi kamar kwalta, kada a tsaya jiƙo, a nufi asibiti a daren.

Ku ci gaba da aiko tambayoyinku, za mu kai wa likita a shiri na gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.