Wakilin Marubuta Ba Ya Karɓar Kuɗin Rajista

Wata ɗabi'a ta shigo wa matasan marubutanmu na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kuma in aka yi shiru za ta ci gaba da lashe ɗan abin da ke aljihunsu. Yarinya ta shafe shekara guda tana rubuta labari a waya, ga rashin wuta, ga tsadar data. Tana kammalawa sai ta haɗu da wani a Facebook, hotonsa cikin kwat, bayansa tulin littattafai, wai shi wakilin marubuta ne, zai kai littafinta Landan. Kafin la'asar ta tura masa labarin sukutum ta WhatsApp. Washegari ya ce bai taɓa karanta irinsa ba, sai dai akwai kuɗin rajista. Ta garzaya wajen mai POS. Bayan mako guda a nemi kuɗin tacewa, sannan na fassara, sannan na zanen bango, har ranar da lambar ta daina shiga. Kuɗi sun tafi, labarin kuma wataƙila yana yawo a wani zaure da sunan wata.

Haba jama'a! Wanda ya taɓa kai sa kasuwar Shinkafi ya san dillali ba ya karɓar la'ada sai an yi ciniki. To, wakilin marubuta dillali ne. Aikinsa ya nemo wa littafi kamfanin ɗab'i, ya yi cinikinsa, ya duba yarjejeniya kada a cuci marubuci. A Ingila da Amurka, inda sana'ar ta kafu, yakan ɗauki kashi 15 cikin ɗari na abin da littafin ya kawo, kashi 20 idan an sayar da haƙƙin fassara zuwa wata ƙasa, kuma daga kuɗin da kamfani ya biya yake cira. Duk wanda ya ce a fara tura masa wani abu kafin ya karanta, ko da naira dubu biyu ce, a rufe maganarsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rashin yin tambaya ɗaya tak: da wane harshe zai karanta? Wakilan Landan da New York da Turanci suke aiki. Abubakar Adam Ibrahim, wanda littafinsa Season of Crimson Blossoms ya ci kyautar NLNG ta dala 100,000 a 2016, da Turanci ya rubuta shi. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu kuwa sai da Aliyu Kamal ya fassara shi kafin kamfanin Blaft na Indiya ya buga shi a 2012. Amma a ce wani Bature da ko sannu bai iya ba ya karance shafi ɗari uku na Hausar Zamfara a dare ɗaya har ya yi ƙwalla, ke kuma ki yarda?

Ko ga wakili na gaskiya, ba a fara tura littafi. Wasiƙa ake turawa, shafi ɗaya, ta imel. A nan ma muna da sakaci. Ana tura saƙo ba sallamar kirki, ba sunan wanda ake nufi, sai "ina da labari mai zafi, a taimaka a buga min", kuma saƙon nan guda a watsa wa mutum talatin. Irin wannan ko buɗe shi ba a yi. Ka kira mutumin da sunansa, ka nuna ka san irin littattafan da yake wakilta. Ka faɗi sunan littafinka, nau'insa da yawan kalmominsa. Ka taƙaita labarin cikin sakin layi ɗaya ko biyu: wane ne tauraro, me yake nema, me ya tsone masa ido. Bayanin kanka layi uku ya isa. Ba a buƙatar tarihin kakanninka ko labarin halin da gida yake ciki. In ya ce a haɗo da babi uku, ukun za ka tura. Amsa na iya ɗaukar watanni, sau da yawa ma shiru za ka ji, kuma wannan ba dalilin kiran mutum da tsakar dare ba ne.

Mai rubutu da Hausa kuwa, hanyarsa a gida take. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ba tare da wani wakili ba. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara domin mata a 2016 kyauta ake shigarta. Ƙungiyar marubuta ta ANA tana da rassa a jihohi, inda za ka sami waɗanda suka san wane maɗaba'i ne a Kano ko Zariya ke cika alkawari.

Kafin ka tura wa kowane wakili komai, ka nemi jerin marubutan da ya wakilta, ka tuntuɓi ɗaya daga cikinsu da kanka. Sannan ka aika wa kanka kwafin littafin ta imel, domin kwanan watan da ke jikin saƙon zai taimaka maka ranar da wani ya ce nasa ne.